Ma'aikacina ya zo ofis da kilt: in hana shi ko in ƙyale?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan Katsina ne, ina aiki a wani ofishin lissafin kuɗi a Manchesta, kuma wata huɗu ke nan da aka ba ni shugabancin wani ƙaramin sashe mai mutum tara. Akwai wani Bature ɗan Sukotlan a ƙarƙashina da ya fara zuwa aiki da irin siket ɗin nan nasu da ake kira kilt, sau ɗaya ko biyu a mako. Takardar ƙa'idar suturarmu cewa kawai ta yi a yi shigar ofis ta mutunci. Wata ma'aikaciya ta same ni ta ce abin ya zama abin dariya, wai in yi masa magana. Ni kaina, gaskiya, raina bai kwanta da ganin namiji cikin siket ba. Amma kuma na daɗe ina son in riƙa sa kaftani ranar Juma'a, nauyi nake ji. Ina da ikon hana shi? In na hana, akwai abin da zai biyo baya?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a wannan ƙarin girma, ya ba ka ikon riƙe amanar mutanen da aka ɗora maka. In na fahimce ka, tambaya uku ce ka dunƙule wuri guda: ko doka ta ba ka ikon hana wannan bawan Allah sa tufar garinsu, ko ya dace ka hana shi ko da kana da ikon, sannan ina makomar kaftaninka a cikin wannan magana. Shekarata goma sha huɗu ina aikin kula da ma'aikata a Birtaniya, shida daga ciki a Gilasgo da ke Sukotlan, kuma in ka cire rigimar albashi da ta hutu, babu abin da ya kai maganar sutura yawan zuwa teburina. Ba zan ja maka rai ba: kada ka hana shi. Sai dai ka bi ni cikin dalilan a hankali, domin gobe wata tufar ce daban za ta zo gabanka, kuma dalilan ne za su yi maka amfani a ranar.

Mene ne ma kilt ɗin?

Kalmar siket da ka yi amfani da ita, ita ce ta haifar da rabin damuwar. Kilt yadin ulu ne mai kauri, cikakkensa yakan ci yadi takwas. Ana tattare bayansa kalmasa bisa kalmasa, gaban kuma a shimfiɗe yake, ɓari ɗaya a kan ɗaya, a ɗaure da maɗaurin fata a ƙugu. Tsawonsa iyakar gwiwa. Ba shi da aljihu, shi ya sa za ka ga wata 'yar jakar fata tana reto a gaba, wadda suke kira sporran, nan ake sa makulli da kuɗi. Sai doguwar safa ta ulu har ƙasan gwiwa. Wani abokin aikina a Gilasgo ya taɓa miƙo mini nasa in riƙe masa, sai da na ƙara hannu na biyu, don nauyinsa ya kusa na bargo. Ya ce na kakansa ne, tela ya sassauta masa ƙugun kawai. Na kirki, ɗinkin hannu, kuɗinsa ɗaruruwan fam ne. Mutumin da ya sa wannan bai fito da kayan wasa ba. A ma'aunin garinsu, mafi tsadar abin da ke cikin akwatinsa ya ɗauko, kamar yadda kai za ka ɗauko shadda mai aiki ranar ɗaurin auren ƙanenka.

Akwai kuma tarihi a bayansa wanda ya kamata ka sani kafin ka buɗe baki. Asalinsa tufar mutanen tsaunukan arewacin Sukotlan ce, masu harshen Gelik. Bayan da sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe boren da ya ƙare a yaƙin Culloden a 1746, majalisa ta yi dokar da ta haramta wa maza da yara maza sa wannan tufa, in ban da sojojin sarki. Wanda aka kama karon farko ɗaurin wata shida ne, karo na biyu kuwa a yi jigilarsa zuwa ƙasashen da ake mulka a ƙetare har shekara bakwai. Sai a 1782 aka soke dokar. Shekara arba'in bayan haka, a 1822, Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbara, babban birnin Sukotlan, sanye da kilt ɗin da kansa, daga nan tufar da aka haramta wa talakan tsauni ta koma alamar ƙasa baki ɗaya. Yau har ofishin hukuma gare su na rajistar zanen yadin, wanda ake kira tartan, tun 2009. Duk ɗan Sukotlan da ya damu da kilt ya san wannan labari. Don haka idan shugabansa a wani ofis a Ingila ya ce masa ya cire, abin da zai ji a zuciyarsa ya wuce maganar takardar ƙa'ida.

Kuma tufar ba ta tsaya ga Turawa kaɗai ba. A 2016, Humza Yousaf, Musulmi wanda asalin gidansu daga Pakistan ne, ya yi rantsuwar shiga majalisar Sukotlan sanye da kilt, ya maimaita rantsuwar da harshen Urdu. Shi ne ya zama Ministan Farko, wato shugaban gwamnatin Sukotlan, a 2023. Na halarci ɗaurin auren Musulmi a Gilasgo inda ango da abokansa suka zo da kilt, liman ya ɗaura aure, babu wanda ya ɗaga gira.

Maganar rashin kwanciyar ranka

Na ji daɗi da ka faɗi wannan a fili, don da yawa sukan ɓoye shi a bayan ƙa'ida. Mu da muka tashi a ƙasar Hausa, namiji cikin abin da ya yi kama da tufar mata wani abu yake tuna mana, kuma mun san hadisin da ya yi hani ga namiji ya sa tufar mace. Ni ba malami ba ne, fatawa kuma ta malamai ce. Amma a matsayina na wanda ya zauna da mutanen, ina tabbatar maka kilt a wurinsu tufar maza ce tsantsa, ta soja da ango da mai ɗaukar gawa. Mai sa shi ba kwaikwayon mata yake yi ba. Ka tuna alhaji a cikin harami, zane biyu ne a jikinsa. Ka tuna mazan Yaman da ke ɗaura zane su fita kasuwa, da dattawan yankin Neja Delta da ke ɗaura nasu su sa hula su je taro, da iyayenmu da ke ɗaura zane a tsakar gida da zafi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bayan haka, babu wanda ya ce kai ka sa. Abin da ke gabanka shi ne ko za ka yi amfani da kujerar da aka ba ka ka tilasta wa wani bin abin da idonka ya saba gani. A duk shekarun da na yi a wannan aiki, ban taɓa ganin rashin sabon shugaba ya tsaya a matsayin hujja a gaban kowane kwamiti ba.

Abin da doka ta ce

Dokar da ta shafe ku ita ce Dokar Daidaito ta 2010, wadda ke aiki a Ingila da Sukotlan da Wales. Ta lissafa abubuwa tara da ba a yarda a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda su ba. Uku ne suka shafi maganarmu: addini, jinsi, da launin fata ko asali. Wannan na ukun ya haɗa da ƙasar da mutum ya fito da ƙabilarsa. Mutane da yawa suna zaton baƙar fata kaɗai yake karewa, alhali ba haka ba ne. Shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, babbar kotun Sukotlan ta duba ƙarar wani ɗan jarida mai suna Souster, ɗan Ingila, wanda ya ce BBC ta Sukotlan ta ƙi sabunta kwantiraginsa don shi Ba'ingile ne. Kotun ta ce a idon doka, ɗan Ingila da ɗan Sukotlan asalinsu na ƙasa daban-daban ne, kowanne yana iya kawo ƙarar wariya a kan haka. To ma'aikacinka yana cikin waɗanda dokar ta rufe da mayafinta.

Dokar ba ta ambaci kilt da suna ba, kamar yadda ba ta ambaci kaftani ko hijabi ba. Hanya biyu take bi. Ta farko wariya ce kai tsaye: ka bar wata 'yar Indiya ta sa sari ranar bikinsu, ka bar kanka ka sa kaftani, shi kuma ka hana shi. Wannan ba ta da mafita, babu uzurin da ake karɓa. Ta biyu wariya ce a kaikaice: a kafa ƙa'ida guda ga kowa, misali dole kowane namiji ya sa wando, amma ƙa'idar ta fi takura wa mutanen wani asali ko wani addini. Irin wannan ana iya kare ta, amma sai kamfani ya nuna abu biyu: akwai wata manufa ta gaskiya da ake son cimmawa, kuma babu wata hanya mafi sauƙi da za ta kai ga manufar ba tare da an takura wa mutum ba.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce, ƙarar mai kilt ba ta kai ta mai rawani ko mai hijabi ƙarfi ba. Dalili kuwa, yawancin 'yan Sukotlan ba sa sa kilt kullum. Sai biki, sai bikin kammala jami'a, sai ranar 25 ga Janairu da suke tunawa da mawaƙinsu Robert Burns, sai 30 ga Nuwamba ranar ƙasarsu, sai kallon ƙwallo. Lauyan kamfani zai ce ai hana shi bai cutar da 'yan Sukotlan a matsayin jama'a ba, sha'awar mutum ɗaya ce. Wannan hujja ce da za a saurara. Amma dubi inda kai kake tsaye. Takardarku ba ta ce wando ba, cewa ta yi shigar mutunci, kilt kuwa shi ake sawa a gaban sarki. Mata a ofishinku, ina kyautata zato, suna sa abin da ya tsaya a gwiwa. Doka ta yarda ƙa'idar maza ta bambanta da ta mata, amma da sharaɗin ma'aunin ya zama ɗaya, kada wani ɓangare ya fi wani shan takura. Sannan aikin lissafi ne, a zaune, gaban kwamfuta. Wace manufa za ka rubuta a takarda? In abin da kawai za ka iya rubutawa shi ne wata ta ce abin dariya ne, to ba ka da komai a hannu.

Shari'o'i biyu da aka yanke rana ɗaya sun fi kowane bayani nuna inda layin yake. A watan Janairun 2013, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta duba ƙarar Nadia Eweida, ma'aikaciyar British Airways da aka hana fito da sarƙar gicciyenta a kan kayan aiki. Hujjar kamfanin ita ce yadda yake son a riƙa ganin ma'aikatansa. Kotu ta ce wannan bai kai nauyin da za a danne haƙƙinta ba, ta ba ta gaskiya. A wannan zama dai aka duba ƙarar Shirley Chaplin, nas a wani asibiti, ita ma sarƙar gicciye ce. Hujjar asibitin ita ce majinyaci na iya fizgar sarƙar, ko ta taɓa buɗaɗɗen rauni. Ita kam ta faɗi. Sarƙa iri ɗaya, addini ɗaya, hukunci biyu. Abin da ya raba su shi ne, a wuri ɗaya akwai cutarwa da za a iya nunawa da yatsa, a ɗayan kuwa sha'awar ido ce kawai. Waɗannan shari'o'in addini ne, na ma'aikacinka na asali ne, amma tambayar da ake yi ɗaya ce.

Akwai kuma abin da ke faruwa tun kafin a je kotu. A ƙarshen 2015 aka mayar da wata matashiya mai suna Nicola Thorp gida daga aikin tarbar baƙi a wani ofis a Landan, ba tare da biyan kuɗin ranar ba, don ta ƙi sa takalmi mai tsini. Ta buɗe takardar koke, mutum sama da 150,000 suka sa hannu, maganar ta kai majalisa, kamfanin da ya ɗauke ta ya canza ƙa'idarsa cikin kunya, gwamnati kuma ta fitar da jagora kan ƙa'idojin sutura a 2018. Ba na fatan sunanka ya shiga irin wannan labari wata huɗu da hawanka kujera.

Inda na taɓa hanawa

Kada ka ɗauka cewa nake kowace tufa ta dace da kowane aiki. Na taɓa hana kilt da bakina. A wani babban ɗakin ajiyar kaya ne, inda akwai bel ɗin inji da ke jan kwalaye, ga hawa tsani, ga motocin ɗaga kaya suna kai da kawo. Wani matashi mai ƙwazo ya nemi ya riƙa zuwa da nasa. Ban amsa masa daga ofis ba. Na ce mu sauka tare da jami'in kula da lafiyar ma'aikata. Muka tsaya gefen injin, jami'in ya ɗauki wani tsumma ya matsar da shi kusa da inda bel ke shiga ƙarƙashin ƙarfe, kafin ƙiftawar ido inji ya haɗiye shi. Yaron ya yi shiru, can ya ce ya gane. Muka yi yarjejeniya: a filin aiki wando, ranar taron ma'aikata da ranakun da yake ofishin sama kuwa ya sa abinsa. A wannan wurin dai, da wannan hujjar dai, na hana wani ɗan'uwanmu ɗan Sudan shiga da jallabiya. Wata baiwar Allah kuma muka samo mata hijabi ɗan daidai wuya wanda ake cusawa cikin riga, ba mai jela ba, ta ci gaba da aikinta. Da na bar ɗaya na hana ɗaya, da na ci amanar aikina.

Ko a maganar kariya ma, doka takan sassauta inda abin ya kai ga addini. Mabiya addinin Sikh masu rawani an ɗauke musu dole sa hular kwano a wuraren gini tun 1989, aka faɗaɗa sassaucin zuwa kusan duk wuraren aiki a 2015. 'Yan sandan Sukotlan kuma sun sa hijabi cikin kayan sarkinsu a hukumance tun 2016. Na kawo waɗannan ne don ka ga inda ƙasar ta fuskanta.

Abu ɗaya ne a jikin kilt da kake da cikakken ikon magana a kai. A cikakkiyar shiga, akan soke wata 'yar wuƙa a bakin safa, sunanta sgian-dubh. Dokar ƙasa ta yarda da uzurin tufar gargajiya ga mai ɗauke da ita a waje, amma ofis yana da ikon cewa ba a shigo masa da wuƙa. Ana sayar da ta roba wadda ba ta da kaifi, kai kawai ake gani. In ka lura da ita, ka faɗa masa cikin ladabi. Ban taɓa samun wanda ya yi gardama a kan wannan ba.

Ita mai ƙorafin fa?

Nan ne nake son ka fi buɗe ido, don hatsarin da ke gabanka ya fi yawa a nan. Ta ce abin ya zama abin dariya. Su wa ke dariyar? Me suke cewa? Akwai wani tsohon zolaye da ake yi wa masu kilt, a riƙa tambayarsu abin da suka sa a ciki, wasu har su kai hannu su ɗaga. Mutane suna ɗaukarsa wasa. A 2015 ma'aikata maza a wani gidan abinci da kiɗa a garin Inverness na Sukotlan sai da suka daina sa kilt suka koma wando, saboda yadda mata masu zuwa wurin ke kai musu hannu. A idon doka wannan cin zarafi ne, daidai da a yi wa mace. Ɗaukar hoton ƙarƙashin tufar mutum ba da izininsa ba laifi ne da ake hukuntawa, a Ingila tun 2019, a Sukotlan tun kafin nan, kuma bai ware namiji mai kilt ba. Tun watan Oktoban 2024 kuwa, doka ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata nauyin ɗaukar matakin hana irin wannan tun kafin ya faru. Wato in ana yi masa ba'a a sashenka ka kau da kai, ko ka magance abin ta hanyar cire masa tufar maimakon tsawatar wa masu ba'ar, kai ne za ka amsa tambaya.

Ka kira ta ku zauna, kai da ita kaɗai. Ka gode mata da ta zo wurinka maimakon yin gunaguni a bayan fage. Ka tambaye ta ko akwai abin da ya yi mata, ko tufar ta hana ta aikinta. Wataƙila akwai wata magana a ƙasa, misali yadda yake zama a kujera. In haka ne, wannan gyaran ɗabi'a ne, sai ka faɗa masa a keɓe kamar yadda za ka faɗa wa kowa. In kuwa babu komai sai rashin sabo, ka gaya mata shigarsa ba ta saɓa ƙa'ida ba, kuma ba ka son jin zolaya a kai daga kowa. Ka rubuta ranar da abin da kuka tattauna a 'yan layuka, ka ajiye. Shi kuma ba sai ka kira shi zaman musamman ba, don kiran kansa zai sa ya ji an tuhume shi. In kun haɗu wurin shan shayi, ka tambaye shi na wane dangi ne zanen yadin. Za ka sha labari.

Kafin duk wannan, ka leƙa sashen kula da ma'aikata na kamfaninku ka faɗa musu abin da ka yanke. Sabon shugaba bai kamata ya fassara ƙa'idar kamfani shi kaɗai ba, ko da fassararsa daidai ce. In wani na sama da kai ya ce lallai a hana, ka roƙe shi ya rubuto maka dalilin. Sau da yawa na ga umarni ya narke a daidai wannan gaɓar.

Za ka iya jin an ce ai abokan hulɗa ba za su so ba. Ka tambaya: wane ne ya faɗa, yaushe? Yawanci hasashe ne. Ko da ma wani ya faɗa, son zuciyar abokin hulɗa ba ya halatta wariya, in ba haka ba da duk wanda ba ya son ganin baƙar fata a teburin karɓar baƙi sai a biya masa buƙata.

Kaftaninka

Ka sa abinka, Malam. Wanda aka yi wa guga, mai launi natsattse, hannunsa bai yi faɗin da zai riƙa share tebur ba, da hularka in kana so. Babbar riga kam ka bar wa Sallah, don ita da kujerar ofis mai taya ba sa shiri. Ranar da na fara sa nawa a wurin aiki, ranar Ƙaramar Sallah ce, na fito daga masallacin idi kai tsaye. Na tsaya a ƙofar gini na kusa minti biyar ina tunanin in koma gida in canza. Wanda ya fara tarbata wani dattijo ne mai gadi, ɗan Gilasgo. Ya kama bakin hannun rigar yana duba aikin zaren, ya tambaye ni ko da hannu aka yi. Na ce da hannu, a Zariya. Ya ce haka uwarsa take ɗinka kilt, allura bayan allura. Tun daga ranar ban ƙara jin nauyi ba.

Mun san zafin wannan abu daga gida. A watan Disambar 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda hijabinta, sai a Yulin 2018 aka rantsar da ita da shi. A Yunin 2022 Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas, bayan shekaru ana shari'a. Hujjar da aka riƙa kawowa a kansu ita ce dai wadda aka kawo maka: ba haka aka saba ba, bai yi kama da shigar aiki ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar da ka sa hannu a takardar da ta ce wando kaɗai ne shigar mutunci ga namiji, ka rufe ƙofar da kai ma kake son bi, kuma wanda zai gaje ka a kujerar zai same ta a rufe ya yi amfani da ita a kan wata 'yar'uwarmu.

Idan aka ba ka dama ka ba da shawara kan gyaran takardar ƙa'idar, ka nemi a bar lissafa sunayen tufafi, a koma faɗin abin da ake buƙata: tsafta, suturce jiki, rashin rubutu ko hoton da zai ɓata wa wani rai, da kayan kariya a inda aiki ya buƙata. A ƙara layi ɗaya da ke cewa tufar addini da ta gargajiya karɓaɓɓiya ce muddin ta cika waɗannan, a kuma faɗi wanda za a tuntuɓa in an yi saɓani. A nemi ra'ayin ma'aikata kafin a buga. Takardun da na ga sun daɗe ba a yi rigima a kansu ba, duk ba su wuce shafi ɗaya ba.

Ni ma'aikacin kula da ma'aikata ne, ba lauya ba, kuma ban ga kwantiragin wannan mutum ko cikakkiyar takardarku ba. Abin da na faɗa ya shafi Birtaniya ne. Arewacin Ayalan dokokinta daban, Amurka da Faransa kuwa kowacce da tata hanyar. In magana ta yi tsami har ya shigar da koke a rubuce, ku tuntuɓi Acas, hukumar sasanta rikicin ma'aikata. Shawararsu ta waya kyauta ce ga shugaba da ma'aikaci duka, kuma ta wurinsu ake fara bi kafin a kai ƙara kotun ma'aikata. Wa'adin shigar da irin wannan ƙara gajere ne, na 'yan watanni, don haka ba a barin takardar koke ta kwana a aljihun tebur. In ta iso hannunka, ka miƙa ta sama a ranar.